Tarihin Cusen Umarni: Yadda Sassaucin Burauza Ya Buɗe wa Masu Kutse Ƙofa

Duk wanda ya yi nufin ya fahimci illar nan da masana tsaron kwamfuta ke kira XSS, wato a cusa wa shafin intanet umarnin da ba na mai shafin ba, burauzar mai karatu kuma ta karɓa ta zartar bisa zaton daga mai shafin ya fito, to lalle ne ya koma shekarar 1995, ya tsaya a garin Mountain View na jihar Kalifoniya a Amurka, inda wani sabon kamfani mai suna Netscape yake ta gaggawar kame kasuwa tun Microsoft bai farga ba. Gama a can ne, cikin 'yan watanni ƙalilan, aka yanke waɗansu hukunce-hukunce ba tare da doguwar shawara ba, aka kuwa ɗora ginin intanet ɗungurungum a kansu, har ya zama yau, shekara talatin ke nan, babu mai ikon warware su face ya rushe miliyoyin shafuka.

Shafin intanet, yadda Tim Berners-Lee ya fara tsara shi a 1990 a cibiyar bincike ta CERN da ke kan iyakar Suwizalan da Faransa, rubutu ne zalla wanda aka yayyafa wa alamomi na wani harshe mai suna HTML. Alamomin nan su ke gaya wa burauza cewa nan kanun magana ne, nan sakin layi, nan kuma mahaɗi zuwa wani shafi, ana kuwa gane su da waɗansu ƙananan baka biyu masu tsini, < da >, ɗaya ya buɗe alama ɗaya ya rufe. Burauza ba ta da wani aiki sai ta karanta ta baje wa mai karatu, shafin kuma ba ya iya kome sai a dube shi.

Abu na farko da ya sauya wannan hali ya zo a 1994, sa'ad da wani injiniyan Netscape, Lou Montulli, ya fuskanci mas'alar mantuwa. Ita babbar kwamfutar da ke riƙe da shafi, wadda ake kira sabar, ba ta tuna kowa ko da yanzu-yanzu ta sallame shi, saboda haka ciniki da ajiye asusu suka yi wuya. Sai ya ƙago kukis, wato 'yar shaida da sabar ke damƙa wa burauza bayan mutum ya shigar da kalmar sirrinsa, burauzar kuma ta riƙa nuna ta duk lokacin da ta koma. Dabarar ta yi kyau ƙwarai, amma tana tafe da sharaɗi mai nauyi, domin sabar ba ta duban fuska, shaidar kaɗai take dubawa, duk wanda ya zo da ita kuwa shi ne mai asusun a wurinta.

Abu na biyu, wanda ya fi girma, ya zo a watan Mayu na 1995. Kamfanin ya nemi Brendan Eich ya samar da ƙaramin harshe da zai sa shafi ya yi motsi, ya duba fom kafin a aika, ya amsa wa mai karatu nan take, shi kuwa ya harhaɗa samfurin farko cikin kwana goma. An fara kiransa Mocha, sa'an nan LiveScript, a watan Disamba aka tsaya a kan JavaScript, ya fito cikin burauzar Navigator 2. Ba na cikin masu tuhumar Eich da ganganci, gama wa'adi aka ba shi ya cika, abin da ya gina kuma ya amfani jama'a fiye da a ƙidaya. Amma wajibi ne a nuna inda ɓarakar take: an yarda a rubuta umarni a cikin shafin nan guda da ake rubuta zance, layi na bin layi, babu abin da ya raba su sai ƙananan bakan nan masu tsini. Daga ranar nan shafi ya tashi daga abin karantawa ya koma mai ba da umarni, burauza kuma ta zama mai ɗa'a ga duk abin da ta tarar a cikinsa.

Mutanen Netscape ba su jahilci haɗarin baki ɗaya ba. Sun lura cewa tun da Navigator 2 ya zo da dabarar saka shafi a cikin shafi, babu abin da zai hana umarnin wannan ya leƙa cikin wancan, ya kwashi abin da mutum ke rubutawa. Don haka suka kafa ƙa'idar da har yau ita ce ginshiƙin tsaron burauza, ƙa'idar asali ɗaya, wadda ta hukunta cewa umarni ba ya taɓa abin da ke cikin wani shafi face su biyun sun haɗu a rukunai uku, wato hanyar da aka bi aka ɗauko su, da sunan gidan da suka fito, da lambar ƙofar sabar. A watan Oktoba na 1995 kuma suka yi shelar tukuici ga duk wanda ya gano aibi a burauzar tasu ya kawo musu, al'adar da manyan kamfanoni suka gada suke yi har yanzu.

Sai dai ƙa'idar tana tambayar inda shafi ya fito ne, ba ta tambayar wanda ya rubuta kowace jimla a cikinsa, a nan kuwa mas'alar take kwance. Ɗaliban ilimin hadisi za su gane ta da sauri, domin malamansu sun daɗe da sanin abin da suke kira mudraji, wato hadisin da isnadinsa ya inganta, marawaitansa amintattu ne, amma maganar wani marawaici ta shige cikin matani ba tare da an rarrabe ba, har mai sauraro ya ɗauka duka daga tushe ɗaya suke. Ingancin isnadi ba ya tona irin wannan sai an bi matanin kansa an tankaɗe, abin da ya sa Al-Khaɗib Al-Bagdadi ya keɓe masa littafi sukutum a ƙarni na biyar na Hijira. To, burauza isnadi kaɗai ta iya dubawa. Muddin shafi ya zo daga gidan banki ta hanyar da ta dace, ta gaskata dukkan abin da ke ciki ke nan, ko da wani baƙo ne ya soka jimla ɗaya a tsakiya, za ta kuma ba jimlar nan duk ikon da take ba bankin, ta karanta kukis, ta cika fom, ta aika saƙo da sunan mai asusu.

Baƙo kuwa yana samun sokawa ta duk inda shafi ke karɓar rubutun mutane ya maimaita shi. A ɗauki akwatin nema: mutum ya rubuta kalma, shafi ya amsa da cewa ba a sami kalma kaza ba, ya maimaita ta yadda aka rubuta. In maimakon kalma aka rubuta alamar buɗe umarni da umarnin kansa, mai shafin kuma bai sauya bakan nan masu tsini zuwa haruffa marasa iko ba, to amsar za ta dawo ɗauke da umarni, abin da ya rage wa mugu shi ne ya naɗe wannan duka cikin mahaɗi ya aika wa wanda yake hari. Wanda ya fi wannan muni shi ne umarnin da sabar ta karɓa ta ajiye, kamar a cikin wasiƙar imel ko bayanin da mutum ya rubuta game da kansa, domin shi ba ya bukatar a yaudari kowa, duk wanda ya buɗe ya kamu. A 2005 Amit Klein ya bayyana nau'i na uku, inda sabar ba ta ma ga umarnin ba sam, JavaScript na mai shafin ne da kansa ke ɗauko shi daga adireshi ya dasa.

Tun ƙarshen shekarun 1990 masu bincike suka fara nuna wannan a fili, cikinsu har da Georgi Guninski, mutumin Bulgeriya, wanda ya yi ta tono aibobin Internet Explorer da na Hotmail, yana nuna yadda ake ɓoye JavaScript cikin wasiƙa duk da tankaɗen da Hotmail ke yi. A watan Janairu na 2000 injiniyoyin Microsoft, cikinsu da David Ross, suka raɗa wa illar sunan da aka taƙaita ya zama XSS, ranar 2 ga Fabrairu kuma cibiyar CERT ta Jami'ar Carnegie Mellon da ke Pittsburgh ta fitar da sanarwa mai lamba CA-2000-02, tana gargaɗin duniya. Nasihar da aka yi wa masu shafuka ita ce su tace duk abin da suka karɓa, wadda aka yi wa jama'a kuwa ita ce su kashe JavaScript a burauzarsu, su kuma guji latsa mahaɗin da ba su amince da shi ba. Nasiha ta biyun ba ta karɓu ba, ba kuwa za ta karɓu ba, domin a daidai lokacin ne shafuka ke ƙara dogara ga JavaScript, har ya zama wanda ya kashe shi ya kulle wa kansa rabin intanet.

Daga nan aka shiga saɓanin da ya ɗauki shekaru: laifin wane ne? Masu burauza suka tsaya a kan cewa na mai shafi ne, tun da shi ya maimaita rubutun baƙo bai tace ba, a zahiri kuwa hujjarsu tana da ƙarfi. Ni dai ra'ayina shi ne hujjar rabin gaskiya ce, dalilina kuwa yana cikin wata ɗabi'a da burauzoji suka tashi da ita. Tun 1980 Jon Postel, ɗaya daga magabatan intanet, ya shimfiɗa ƙa'idar cewa na'ura ta tsananta wa kanta a abin da take aikawa, ta sassauta a abin da take karɓa. Lokacin da Netscape da Microsoft suka shiga gasa, bayan fitowar Internet Explorer 3 a 1996 da nasa kwafin harshen mai suna JScript, wannan sassauci ya zama makami, domin burauzar da ta ƙi nuna shafi saboda kuskuren rubutu ita jama'a za su ce ta lalace. Sai kowace ta koyi yin tawili: in an manta rufe alama ta rufe, in an karya kalma ta ɗinke, in ba a faɗi nau'in fayil ba ta yi kirdado, kowace kuma da irin tawilinta, ba a rubuta shi a ko'ina ba. Mai shafin da aka ce ya tace, ashe an ɗora masa sanin dukkan hanyoyin da kowace burauza za ta iya fassara rubutu ya zama umarni, alhali masu burauzar kansu ba su ƙididdige su ba.

Babu abin da ya bayyana wannan kamar abin da ya faru a MySpace ranar 4 ga Oktoba, 2005. MySpace a lokacin shi ne babban dandalin zumunta na Amurka, watanni kaɗan kafin nan ma kamfanin News Corporation ya saye shi a kan dala miliyan 580, yana kuma barin kowa ya ƙawata shafinsa da HTML, bayan an haramta alamar umarni da waɗansu kalmomi masu haɗari. Wani saurayi ɗan shekara 19 a Los Angeles, Samy Kamkar, ya zauna yana gwada shingen nan ɗaya bayan ɗaya. Ya tarar an hana alamar umarni, amma Internet Explorer yana zartar da JavaScript in an ɓoye shi a wurin da ake faɗin launi da hoton bangon shafi. Ya tarar matacin MySpace yana goge kalmar javascript duk inda ya gan ta, sai ya karya ta biyu, ya rubuta java a ƙarshen layi, script a farkon na biye. Mataci ya duba bai ga kalmar da aka hana ba, ya bari ta wuce, burauza kuwa, bisa ɗabi'arta ta kyautata zato, ta ɗauka kuskuren marubuci ne, ta ɗinke ta zartar. Sauran kalmomin da aka haramta ya yanyanka su gutsi-gutsi ya sa umarnin ya haɗa su da kansa bayan ya shiga. Har ƙa'idar asali ɗaya ta tare shi, domin ana duba shafukan mutane a wani adireshi, ana kuma gyara su a wani, sai ya sa umarnin ya fara ɗauke mai karatu zuwa adireshi na biyun tukuna.

Abin da umarnin ke yi kaɗan ne: duk wanda ya buɗe shafin Samy, burauzarsa za ta aika masa neman abota ba da saninsa ba, ta ƙara a jerin gwarazansa cewa Samy ne gwarzonsa, sa'an nan ta kwafe umarnin gaba ɗaya ta dasa a shafin mutumin, shi ma ya zama mai yaɗawa. Samy ya fara da abokai 73. Kafin awa ashirin ta cika masu neman abotarsa sun haura miliyan ɗaya, dole MySpace ya rufe dandalin don ya share umarnin nan mai yaɗa kansa. Bai saci kuɗin kowa ba, bai karanta saƙon kowa ba, ko da yake ikon yin haka yana hannunsa, wannan ne ma ya firgita masana, domin sun ga abin da zai auku ran da mai mugun nufi ya bi hanyar nan. Jami'an tsaro sun binciki gidansa a 2006, a farkon 2007 ya amsa laifi, aka yanke masa shekara uku ƙarƙashin sa ido, da kwana 90 na aikin al'umma, da biyan diyya, aka kuma taƙaita masa amfani da kwamfuta. Daga baya ya zama sanannen mai binciken tsaro. Ya kamata a tuna cewa burauzar da ta ɗinke masa kalmar, Internet Explorer 6, ta fito tun 2001, kuma da yake Microsoft ya riga ya kayar da Netscape ya mallaki fiye da kashi 90 cikin ɗari na kasuwa, sai da aka shekara biyar kafin ya fitar da magajiyarta.

A ƙarshen wannan shekara ta 2005 masu binciken kamfanin Watchfire suka nuna wani tawilin a shafin Google kansa. Shafin da ke cewa ba a sami abin da ake nema ba yana tace bakan nan masu tsini yadda ya kamata, amma bai faɗi tsarin haruffan da aka rubuta shi da shi ba. Akwai wani tsohon tsari mai suna UTF-7 da aka yi domin imel, inda ake rubuta < da +ADw- a kuma rubuta > da +AD4-, Internet Explorer kuwa in ya hangi irin waɗannan a farkon shafi sai ya yi kirdadon UTF-7 ne, ya mayar da su baka masu tsini da hannunsa. Haka nan yakan leƙa cikin fayil ɗin da aka ce masa hoto ne, in ya ga abin da ya yi kama da HTML ya zartar da shi a matsayin shafi. Sai a 2008 aka ba masu shafuka hanyar da za su ce masa ya daina wannan shinshine.

Duk waɗannan akwai ɗan sakacin mai shafi a ciki, kome ƙanƙantarsa. Akwai kuma nau'in da mai shafi ba shi da laifi ko na anini, wanda ake kira XSS na gama-gari, inda aibin ke cikin burauza ko abin da aka maƙala mata, ya rushe ƙa'idar asali ɗaya ga dukkan shafukan duniya a lokaci guda. A watan Disamba na 2006, a taron masana kutse na Chaos da aka yi a Berlin, Italiyawa biyu, Stefano Di Paola da Giorgio Fedon, suka nuna cewa manhajar Adobe mai buɗe takardun PDF cikin burauza tana zartar da JavaScript in an liƙa shi a wutsiyar adireshi bayan alamar #. Ma'anar wannan ita ce duk gidan da ya ajiye takardar PDF ko guda ɗaya ya zama abin hari, sabar kuma ba ta ganin kome, domin abin da ke bayan alamar nan ba ya barin kwamfutar mai karatu. A 2015 David Leo ya nuna makamancin haka a Internet Explorer 11, inda ya sauya abin da ke bayyana a shafin jaridar Daily Mail ba tare da ya taɓa sabar jaridar ba.

Wanda ya fi kusa da mu shi ne na 2014. Wani mai bincike ɗan Pakistan, Rafay Baloch, ya gano cewa burauzar da ke zuwa cikin wayoyin Android kafin samfurin 4.4 tana da wani rami mai ban mamaki: in aka sa harafin wofi, wanda ba ya bayyana a allo, gaban kalmar javascript, sashen da ke binciken asali ba ya gane umarni ne sai ya bari, sashen da ke zartarwa kuwa ya watsar da harafin ya zartar. Da wannan, mugun shafi zai iya buɗe Facebook ko imel ɗin mutum a ɓoye ya karanta. An ƙiyasta kusan kashi uku cikin huɗu na wayoyin Android na lokacin suna ɗauke da aibin, kafin shekarar ta ƙare kuma an ga ana amfani da shi a kan masu Facebook. Google ya rubuta gyara, amma gyaran sai ya bi ta hannun masu ƙera waya, da yawansu kuwa sun riga sun juya ga sayar da sababbi, a farkon 2015 ma Google ya bayyana cewa ya daina gyara sashen burauzar a Android 4.3 da na ƙasa da shi. Wanda ya san kasuwar waya ta Farm Centre a Kano, ko takwarorinta a Kaduna da Maraɗi, ya san inda irin waɗannan wayoyi ke ƙarewa: wayar hannu ta biyu da mai rahusa su talaka ke iya saye, yakan kuma riƙe su shekara da shekaru. Wannan ne ya fi ci mini rai a dukkan tarihin, cewa aibin da aka toshe wa mai hali cikin makonni yakan zauna a aljihun marar hali har wayar ta mutu. Abu ɗaya mai kyau da ya biyo baya shi ne daga Android 5.0 an ware wannan sashe, mai suna WebView, ana sabunta shi kai tsaye ta Play Store ba tare da jiran mai ƙera waya ba.

Masu burauza sun yi yunƙurin magani, ba kuwa zan tauye musu haƙƙi ba. A 2002 Microsoft ya ƙago alamar HttpOnly wadda ke ɓoye kukis daga JavaScript, ta rage satar shaida ko da yake ba ta hana umarni aiki da sunan mutum ba. A 2009 Internet Explorer 8 ya zo da mataci na musamman, aikin David Ross, wanda ke kwatanta adireshi da shafin da ya dawo, in ya ga umarni iri ɗaya a duka biyun ya lalata harafi guda a cikinsa don ya mutu, Chrome ma ya bi sahu da nasa a 2010. Amma a watan Afrilu na 2010, a wani taro a Basalona, Eduardo Vela Nava da David Lindsay suka nuna cewa ana iya ruɗin matacin ya lalata harafi a cikin rubutu mai lafiya, lalatawar kuma ta haifar da ramin da babu shi a da, har a shafuka irin su Bing da Wikipedia. An yi ta faci ana sake hudawa, daga ƙarshe Microsoft ya cire matacin daga burauzarsa ta Edge a 2018, Google ya cire nasa daga Chrome 78 a 2019. Darasin da masana suka ɗauka shi ne kirdado ba ya gyara ɓarnar kirdado.

Hanyar da ta fi inganci ita ce a ba mai shafi dama ya yi wa burauza wasiyya tun kafin ta fara karatu, ya ce kada ki zartar da kowane umarni sai wanda ya fito daga wurare kaza. Wannan ita ce manufar CSP, wadda Mozilla ta tsara ta fitar a Firefox 4 a 2011. Sai dai rubuta wasiyyar yana da wuya, a 2016 kuwa masu binciken Google suka duba shafuka masu ɗimbin yawa suka tarar fiye da kashi 94 cikin ɗari na wasiyyoyin da aka rubuta ana iya kewaye su, shi ya sa aka koma ga ba kowane halastaccen umarni wata lambar sirri da ke sauyawa duk lokacin da aka buɗe shafi. Ta ɓangaren tawili kuma, an taɓa gwada tsanani da harshen XHTML, wanda ke ƙin nuna shafi saboda kuskure ɗaya, jama'a suka ƙi shi. Sai Apple da Mozilla da Opera suka haɗu a 2004, aka zauna aka rubuta dalla-dalla yadda kowace burauza za ta fassara kowane kuskure, abin da ya zama HTML5, aka tabbatar da shi a 2014. Ba a kawar da sassaucin ba, an dai yi ijma'i a kansa, wannan kuwa ci gaba ne na haƙiƙa, domin yanzu mai tacewa ya san abin da yake fuskanta. Duk da haka saura bai ƙare ba. Bajamushe Mario Heiderich da abokansa sun nuna a 2013 cewa burauza na iya karɓar rubutun da aka tace tsaf, ta gyaggyara shi da kanta har ya rikiɗe ya zama umarni, a 2019 kuma Masato Kinugawa na Japan ya sami irin wannan a akwatin neman Google, ɗaya daga shafukan da suka fi samun tsaro a duniya. Chrome ya ƙara da ware kowane gida a ɗakinsa na ƙwaƙwalwar kwamfuta a 2018, abin da ya rage kaifin nau'in gama-gari ƙwarai.

Kada mai karatu ya zaci wannan labarin samari ne masu neman suna. A 2010 an shiga sabobin gidauniyar Apache ta hanyar mahaɗi guda da ma'aikatanta suka latsa. A 2023 sashen Google mai bin diddigin barazana ya ba da rahoton cewa an yi amfani da ramin XSS a manhajar imel ta Zimbra an kai hari kan hukumomin gwamnati a Girka da Moldoba da Tunisiya da Biyetnam da Pakistan, ana kwashe wasiƙu da kalmomin sirri, mafi yawan harin kuwa ya zo ne bayan an wallafa gyaran, kafin hukumomin su ɗora shi. A 2024 cibiyar MITRE ta sa XSS a matsayi na ɗaya cikin jerin aibobi 25 mafi haɗari a manhajoji, a watan Satumba na shekarar kuma hukumomin CISA da FBI na Amurka suka yi kira ga kamfanoni su kawar da shi daga tushe, shekara 24 bayan sanarwar CERT.

Saboda haka ina kira ga matasanmu da ke gina shafukan makarantu da asibitoci da na 'yan kasuwa, a Kano ne ko Zariya ko Damagaram, da kada su maimaita rubutun kowa a shafi face sun sauya bakan nan masu tsini da alamomin zance zuwa haruffa marasa iko, kada kuma su ƙirƙiri matacin kansu alhali akwai waɗanda masana suka daɗe suna gwadawa, irin su DOMPurify, su kuma sa wa kukis alamar HttpOnly, su rubuta wasiyyar CSP tun ranar farko. Kai kuma mai karatu, na san tsadar data ce ke sa da yawanmu kashe sabuntawa, amma ka daure ka buɗe Play Store ka sabunta Chrome da Android System WebView duk lokacin da suka nema. In kuwa wayarka ta tsufa har ta daina karɓar sabuntawa, to kada ka shiga imel ɗinka ko asusun bankinka ta burauzarta.